Cokalin da ke Ƙofar Obin

Umma,

Na wuce aiki, ban so in tashe ki ba. Kek ɗin cuku ya yi, alhamdu lillahi. Na uku ke nan, kuma wannan bai tsage ba. Ashe gaggawata ce: da na ga tsakiyarsa na rawa sai in ƙara masa wuta. Yau na daure na kashe obin alhali kek ɗin yana rawar, na saƙala cokalin katako a ƙofar don ya huce a hankali.

To Umma, na san hannunki. Don Allah kada ki zare cokalin, kada ki ce bai gasu ba ki sake kunnawa. Rawar nan ita ce daidai. Ƙarfe goma ki sa shi a firji. Mangwaron da na yanka yana kwano mai murfi, sai an sallamo Abba da yamma mu zuba a kai.

Sati biyu yana ture abinci a asibiti, jiya da bakinsa ya ce kek ɗin cuku yake marmari. Likita ta yarda da yanka ɗaya, siriri.

Tsagaggun biyun suna ƙasan firji. Su kam ki yi musu duk gyaran da kike so.

Autarki