Makarantar da Za a Kai Zuhura

Matondoni, Lamu, 3 ga Yuni

'Yata Mwanahawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da jikata Zuhura.

Daga aji biyu na sakandare na fita, ba uba, ba kawu. Da hannun nan na sassaƙa jirgin ruwa goma sha ɗaya, ban taɓa duba takarda ba. Na kai itace Mombasa ba adadi, na je Pemba ba inji, iska kawai. Gidan da aka haife ki, ni na ɗora kowane dutse. Ba wanda ya taɓa ce mini ga hanya.

Sai ga shi a ƙofar masallaci nake jin wai kina nema wa Zuhura makarantar koyon tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Abokina Bwana Shee har da dariya: "Famau, ashe teku ta koma allo? Kai ma a saya maka jaka?" Na ce ya fara toshe ɓular jirginsa tukuna.

Ki turo mini ita hutun Agusta. Wata guda ya isa ta gane iska da kumatunta.

Mahaifinki,
Famau Lali


Mombasa, 19 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Yaya ƙafar?

Makarantu uku na zaga. Ɗaya jiragenta sababbi fil, amma malamin na danna waya yara na kan ruwa. Ɗaya ta baƙi ce masu hutun mako. Ta Kilifi na zaɓa. Malamar ta ce, "Mama Zuhura, a nan ba mai taɓa igiya sai ya iya iyo. Ranar farko da kanmu muke kifar da jirgin, yaro ya koyi fitowa."

Baba, kai ka hana ƙanena Kombo koyon iyo. Ka ce wanda ya iya shi ke fara barin jirgi in rai ya ɓaci. Ranar da iska ta yanke a mashigin Manda, ya zame daga katakon da ake hawa a danne jirgi, waɗanda ke wurin sun ce bai fi gaba goma da kai ba. Ka jefa igiya, ka zauna riƙe da sandar tuƙi. Ba ka faɗa ruwan ba, har ya nutse. Shekara tara ban tambaye ka ba, yau ma ba tambaya nake ba.

Zuhura kaɗai gare ni. Ka yafe mini.

Taka,
Mwanahawa


Matondoni, 28 ga Agusta

Mwanahawa,

Gaisuwa. Ƙafar da sauƙi.

Sau huɗu na fara wannan takarda ina yagawa. Na san abin da ake faɗa a gari, wai jirgi da itacen da ke ciki na zaɓa. Na bari ana faɗa.

Ban iya iyo ba. Ban taɓa iyawa ba. Wanda na yi wa aiki ina yaro bai iya ba, shi ma haka ya gaya mini, na ɗauka ilimi ne. Da na girma aka fara kirana gwani, wa zan je in ce wa riƙe mini ciki in koyi buga ƙafa? Har uwarki ta koma ga Allah ba ta sani ba. Na hana Kombo ne don kada wata rana ya ce, "Baba, shigo mu yi tsere."

Sau biyu ya ɗago kai. Na biyun ni yake kallo, yana jirana. Ya yarda babansa zai zo.

Na gwammace a ce ni mugu ne da a ce ban iya ba. Ga shi kin ji.

Mahaifinki


Mombasa, 9 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta, na zauna a ƙasa a kicin har shinkafa ta kama. Ban san abin da zan ce maka ba tukuna.

Zuhura ta fara ranar Asabar. An kifar da su, ta fito tana tari tana dariya. A mota ta ce, "Mama, yaushe Kaka zai ɗauke ni a jirginsa?" Na ce sai ranar da duk wanda ke cikin jirgin ya iya fitowa. Ban faɗa mata dalili ba.

Allah ya ƙara lafiya.

Mwanahawa


Matondoni, 21 ga Satumba

'Yata,

Ina gaishe ku. Zan hau motar Laraba. Ki gaya wa malamar akwai sabon ɗalibi, shekara sittin da takwas, ƙafa ɗaya ba daɗi. Ban sani ba ko jikin zai koya. Shee ya riga ya ji, da bakina na gaya masa. Bai yi dariya ba, da ma ya yi.

Ba na son aji na dabam, kuma kada a ce na zo kallon jikata ne. A littafin 'yan koyo za a sa ni, layi ɗaya da yara. A rubuta shi cikakke: Famau Lali, Matondoni, uban Kombo.

Wassalam.