Na Fi Surukina Sanin Motar da Ya Tuƙa

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau mako uku ke nan gidana ya koma kamar ɗakin jira na asibiti, kowa ya yi jugum yana hararata, alhali ni ne mai gaskiya.

Sana'ata haɗa haƙoran roba ce. Shekara goma sha tara ina zaune da gilashin ƙara girma a goshi, ina sassaƙa abin da in ya kauce da kaurin gashi ɗaya, mai shi ba zai iya tauna ba. Na faɗa miki wannan ne don ki san ni ba mutumin aikin gangan ba ne. In na tashi daga aiki, abin da ke sanyaya min rai shi ne haɗa 'yan ƙananan motocin yaƙi, irin waɗanda ake kwaikwayon na gaske sak. Maiɗakina tana kiransu kayan wasan yara. Ban taɓa kula ta ba, tunda ita ko zare za ta sa a allura sai ta kira ni.

Mahaifinta tsohon soja ne, ya tuƙa motar sulke a ƙuruciyarsa. Shekara biyu da suka wuce na ƙudura zan haɗa irin motar tasa in ba shi kyauta. Ba ta wuce tafin hannuna ba, amma babu abin da na bari. Na samo littafin kamfanin da ya ƙera ta, na tara hotuna sittin da wani abu, na yi tafiyar yini guda zuwa gidan tarihin da aka ajiye irinta, na kwanta a ƙasa ina ƙirga notin taya har mai gadi ya zo ya tsaya a kaina. Murfin direba ƙusa goma sha huɗu gare shi, amma ragwayen da suka zuba robar 'yar motar tawa sha biyu suka yi, sai na kankare nasu na dasa nawa da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Fenti kuwa sau tara na gauraya shi kafin launin ya zauna. Shi Baban ban tambaye shi komai ba, don ina so ya gan ta kwatsam, kuma tsakani da Allah me zai ƙara min a kan littafin kamfani?

Ranar da na kai masa, 'ya'yansa da jikoki duk suna falo. Ya sa tabarau, ya juya ta a hannu ya sake juyawa. Ina jiran yabo, sai kawai ya ɗora yatsa a kan ɗan sheburin da ke maƙale a jikinta, ya ce ba nan yake ba. Wai a tasu motar a hagu yake, dab da direba, an ɗaure shi da waya. Ikon Allah, littafin yana cikin jakata. Na buɗe shafin a gaban kowa na nuna masa shebur a dama, da maɗaurinsa na ƙarfe. Ya ce shi ba musu yake da littafi ba, su ne suka mayar da nasu. Daga nan ya ɗauko wani dogon labari, na wata rana da aka rutsa su, da wani abokinsa mai riƙe da bindigar motar da suke kira Dogo, wanda ya zagaya dama don ya ɗauko shebur. Na katse shi cikin ladabi, don ni wurin shebur nake magana, ba tarihin Dogo ba. Na kuma tuna masa shekara hamsin ba kwana biyu ba ce, balle ga wanda yake neman tabaransa alhali yana kan hancinsa. Raha na yi, amma ni kaɗai na yi dariya.

Ya ajiye motar a tebur, ya ce ya gode, ya shige ɗaki. Washegari aka dawo min da ita a leda, kamar kayan miya. Yanzu in na je gaishe shi sai a ce yana hutawa. Maiɗakina ta ɗauke min wuta, ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jin ya buɗe baki a kan yaƙin nan ba sai ranar. To laifina ne da bai taɓa yi ba? Ta dage sai na ba shi haƙuri na mayar da sheburin hagu. Haƙuri zan iya bayarwa, amma hannuna ba zai iya liƙa ƙarya da gam ba. Yaya zan fahimtar da dattijon nan cewa ya manta, ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Naki,
Mai Bin Diddigi

Malam Mai Bin Diddigi,

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda za ka ji kunya, ban samu ba. To bari in fara da naka haƙƙin. Aikin da ka yi ba wasan yara ba ne, kuma maiɗakinka ta rage maka da ta kira shi haka. Gaskiya ne kuma tsofaffi suna mantuwa, ni ma nan ina yi.

Amma kai da kake taƙama da bincike, ka yi tafiyar yini guda don ka kwanta a ƙarƙashin motar da ba ta magana, ka bar mutumin da ya zauna cikin irinta, ga shi nan kana auren 'yarsa. Shekara biyu ko tambaya ɗaya ba ka yi masa ba. Wannan ba bincike ba ne, girman kai ne da gilashi a goshi. Littafinka ya nuna motar ranar da ta fito daga kamfani da sabon fentinta. Baba yana gaya maka yadda ta koma bayan an harbe ta. Kai kanka in ka haɗa wa mutum haƙori ya ce yana cizon dasashinsa, littafi kake buɗe masa ko gyarawa kake yi?

Ban san abin da ya sami Dogo ba, kai ma ba ka sani ba, tunda ka katse. Amma mutane ba sa kwance shebur daga maɗaurinsa su ɗaure shi da waya a wani gefe don ado. Mutum na iya manta inda ya ajiye tabarau, da wuya ya manta gefen da abokinsa ya zagaya. Shekara hamsin dattijon nan yana riƙe da maganar a ciki, motarka ce ta sa ya saki, kuma wannan shi ne yabon da kake jira, ka kasa gane shi. Sai ka mai da shi abin dariya a gaban jikokinsa.

Ga abin yi. Ka ɓamɓare sheburin da hannunka. Ka je kai kaɗai, ka bar littafin a gida, in an ce yana hutawa ka zauna ka jira. Haƙurin da za ka bayar na wulaƙancin ne, kada ka haɗa shi da wani "amma". Ka miƙa masa motar da sheburin da ɗan guntun waya, ka roƙe shi ya nuna maka wurin. Kada ka matsa masa ya ƙarasa labarin. Yana iya ƙi, kuma in ya ƙi, ka sani maiɗakinka ka yi wa asarar, don labarin ubanta ne. Kada ka ja lokaci, littafin kamfani yana nan baɗi da baɗin baɗaɗa, amma ba wanda zai yi maka wannan alƙawari a kan Baba.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya daidaita gidanku. Ya ba shi ƙarfin sake buɗe baki, kai kuma ya ba ka ƙarfin rufe naka.

Gwaggo