Ƙorafi Kan Cire Sunan Ladidi Sunday Saboda Gonarta Tana Ƙarƙashin Ruwa

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'i,
Shirin Ɗaga Ƙaramin Manomi,
Ofishin Shiyya, Yelwa-Yauri.

Daga:
Zulkiflu Mainasara,
Tungar Zaidu, ta Wara,
Ƙaramar Hukumar Ngaski.

17 ga Fabrairu, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNAN LADIDI SUNDAY DA WASU MANOMA GOMA SHA ƊAYA DAGA JERIN MASU SAMUN INJIN BAN-RUWA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da koke. Ban yi boko ba, da kaina na koyi rubutu, don haka a gafarce ni inda na kauce wa tsarin ofis.

1. Ranar Talata, 14 ga Janairu, ma'aikatanku biyu suka zo da na'urar auna gona. Sun ce shirin zai ba mu injin ban-ruwa domin masararmu ta rani ta riƙa isa kasuwar Yauri tare da ta manyan manoma. Sharaɗi ɗaya ne: manomi ya tsaya a cikin gonarsa a ɗauke shi hoto.

2. Ranka ya daɗe, a watan Janairu ruwan Kainji a cike yake. Gonakinmu na bakin ruwa ne. Sai ƙarshen Maris ruwa yake ja baya, mu bi shi muna shuka. Kowa ya san iyakarsa ko da ruwa ya rufe ta, domin muna saita ta da itatuwan da ke kan tudu. Haka iyayenmu suka yi tun da aka tashe su daga tsibirin da suke zaune, lokacin gina madatsar Kainji. Ma'aikatan ba su san wannan ba, kuma ba su tambaya ba.

3. A nan ne nawa laifin yake. Da mutane suka ga inda aka dosa, wasu suka je gonakin geron 'yan'uwansu a kan tudu, aka ɗauke su hoto. Ladidi Sunday maƙwabciyata ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ta zo ta tambaye ni ko ita ma ta ari gonar ƙaninta. Ni na hana ta. Na ce mata wanda ya zo taimako ba a tarbarsa da ƙarya. Ni kuma na tuƙa ma'aikatan a jirgina har saman gonarta, na kafa gora a ruwa na nuna musu. Ɗayansu ya yi dariya, ya rubuta cewa babu gona.

4. Ranar 3 ga Fabrairu aka liƙa sunaye a Wara. Duk wanda ya ari gona ya fito. Mutum goma sha biyu da suka nuna ruwa, babu ko ɗaya. Nawa sunan ya fito saboda wani ɗan fili mai tsakuwa a bayan gidana, wanda babu tiyon da zai kai masa ruwa.

5. Na zo ofishinku ranar 6 ga wata, na sake dawowa ranar 11. Aka ce mini na'ura ba ta karɓar gonar da babu hotonta, kuma za a rufe jerin ranar 28 ga Fabrairu, wato wata guda kafin gonakin su fito.

Tun ranar nake juya wannan magana. Ba zan ambaci sunan waɗanda suka ari gona ba, kuma ina roƙon kada a nemi in yi. Manoman gaskiya ne, wurin kawai suka canza, injin kuwa a gonar gaskiya zai yi aiki. To wa ya yi daidai, su ko ni? Idan ƙaryarsu ta kai taimako inda aka nufa, gaskiyata kuma ta hana marayu, me zan ce wa matar nan? Ba ta zarge ni ba. Tana gaishe ni kullum kamar da, abin da ya fi damuna ke nan. Bara da bokiti ta yi ban-ruwa, ita da babbar 'yarta, masarar ta nuna bayan kasuwa ta cika, ta sayar a wulaƙance.

Don haka ina roƙon Mai Girma:

(a) a ɗaga rufe jerin zuwa tsakiyar Afrilu, a sake turo ma'aikata su ga gonakin a bushe, ko

(b) a karɓi shaidar mai unguwa da limami da fasto na Tungar Zaidu a madadin hoto. Dukansu sun amince su sa hannu.

Idan duka biyun sun saɓa wa ƙa'idarku, to ga katina na shaidar samun inji, na haɗa shi da wannan takarda. A soke sunana a rubuta na Ladidi Sunday. Ba kyauta nake yi mata ba. Da ba ta saurare ni ba, da yanzu nata katin yana hannunta. Sauran goma sha ɗayan kuwa ba ni da katin da zan ba su, suna wuyan ofishinku.

Ina jiran amsa kafin ranar 28, cikin ladabi da biyayya. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya.

Naka mai biyayya,

Zulkiflu Mainasara
Tungar Zaidu