Kaskar Garken da Babu Shanu

Daga garin Zakka.
Zuwa ga 'yata Sarah, ma'aikaciyar jinya a Batsari.

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da zamani? Tun da aka yanke layin waya na koma ga alƙalami, sai ka ce lokacin da karatu yake da daraja. Ƙanenki Daudu yana kwance: zazzaɓi, ciwon kai, ƙuraje a jiki. An gwada maleriya, babu, amma maganinta aka ba shi. Mai gwajin ya tambaya ko muna da dabbobi. Na ce ya tambayi ɓarayin daji. Me zan yi?

Babanki, Armaya'u.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya mai jiki? A ina yake kwana? A duba hammatarsa da bayan gwiwa, ko akwai baƙin tabo kamar ƙunar taba. Allah ya ba shi sauƙi.

Sarah.

*

'Yata,

Ina gaisuwa. Akwai tabon, a bayan gwiwa. Tun da aka kwashe shanunmu na sa shi kwana a garke, don ɓarawo ba ya komawa inda ya riga ya share. Dabarar mai ilimi ke nan. Shanu sun tafi, kaskarsu ta zauna da yunwa. Akwai ragowar allurar da nake yi musu. In yi masa?

Armaya'u.

*

Baba,

Sannu da jinya. Ina zaton cutar cizon kaska ce. Gwajinta sai an kai jini nesa, kuma kafin sakamako ya fito an makara, don haka magani ake farawa. Ƙwayar maganin ta ƙare a nan, na aika Katsina. Sammani direba zai kawo maka idan hanya ta buɗe. Don Allah, Baba, kada ka taɓa allurar shanu. Ba a auna ta don mutum ba, tana iya ƙarasa shi.

'Yarka, Sarah.

*

Sarah,

Ina gaisuwa. Sammani bai zo ba, babu motar da ta shigo. Yau Daudu ya dube ni ya tambayi ko ni wane ne. Kwalbar allurar shanun tana gabana. Ban buɗe ta ba, ban kuma mayar da ita ɗaki ba.

Ban san wanda zai kai miki wannan ba. Ki huta lafiya.

Babanki.