Kalmar da Na Kasa Ba Wa Misali

Zuwa ga sanyin raina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, abokin aikina kuma angona in Allah ya yarda,

Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, da fatan zafin aikin da aka yi wa idanunka ya lafa. Na san ƙanwarka ce za ta karanta maka wannan takarda. To ƙawata, ki karanta duka, kada kunya ta sa ki tsallake layi.

Saƙonka ya iso ni. Wai likita ya ce ba lallai ganinka ya dawo ba, don haka ka sauwaƙe mini alkawarin aurenmu, in je in nemi mai ido. Haba masoyina! Yaushe na ce maka idanunka zan aura?

Tun da ka kwanta, ni kaɗai nake fama da ƙamus ɗinmu na Turanci da Hausa. Kujerarka tana nan bakin taga, ban bari kowa ya ɗora mata ko takarda ba. Na saba in karanta kalma da ƙarfi, kai kuma ka jingina, ka juya ta a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya, sannan ka faɗi Hausarta in rubuta. Yanzu ina karantawa, fanka ce kawai ke amsa mini. Da na zo kan jaw, na sa muƙamuƙi. Jealousy na sa kishi, babu mai tsokanata ya ce ai ni da kishi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Jewel na sa dutse mai daraja, na daɗe ina kallon kujerar nan kafin in iya ci gaba.

Ka tuna ranar da muka fara harafin J, muka yi gardama a kan jab? Na ce naushi ne, ka ce a'a, ɗan gajeren naushi ne mai sauri, har ka miƙe za ka gwada mini, hannunka ya kifar da kofin shayi a kan aikinmu. Na yi dariya har da hawaye. Sai a hanyar gida na gane kofin ne ba ka gani ba. Tun ranar na san abin da ke tafe, ya ruwan sanyin ƙishina, kuma washegari da murnata na dawo. Me likita ya faɗa maka wanda zuciyata ba ta riga ta auna ba?

Jiya na iso wata 'yar gajeriyar kalma, jilt. Ma'anarta mutum ya yi watsi da masoyinsa bayan alkawari, ba laifin tsaye ba na zaune. Ma'anar na rubuta, misali ne ya gagare ni. Kai ka kafa mana doka cewa kowace kalma sai an ba ta misali daga abin da ya faru a gabanmu. So kake in ba da misali da ni da kai?

Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba, kuma na san kai ma tsoron ne ya sa ka aiko da saƙon nan. Amma ban karɓi sallama ta bakin ɗan aike ba. Gobe da hantsi ina tafe tare da yayana. Idan korata za ka yi, ka faɗa ina zaune kusa da kai, inda zan ji ko muryarka za ta iya.

Taka har ƙarshen numfashi, ko ka gan ni ko ba ka gan ni ba,
Mai karanta maka.