Ƙararrawar Jirgin Baba

Asabar, 6 ga Satumba
Allurar agogon man inji ta sake faɗuwa muna dawowa daga kamun kifi. In inji na da sanyi tana miƙe, da ya ɗau zafi sai ta kwanta. Na zaro sandar awo, baƙin mai a cike. To mene ne? Baba ya ce agogon ne ke ƙarya, da mai ba ya zagayawa da ƙararrawa ta yi kuka. Shi ke ɗakin tuƙi kullum, inda ƙararrawar take, ni ina baya wajen taru, sai na ja bakina. Alhamis za mu shiga can cikin teku kamun kifin sardin da mutanenmu. In inji ya ƙone a can, sai Allah.

Lahadi, 7
Na juye mai, na sa sabuwar filta. Aikin banza.

Litinin, 8
Usta Mitwalli bakanike ya ɗaura nasa agogon, shi ma ya kwanta. Agogo biyu duk maƙaryata? Ya ce ko rariyar famfon mai ta toshe, ko cikin injin ya cinye, sai an buɗe, kuma mu manta da Alhamis. Baba ya ce masa, “Kai Mitwalli, ko kaza aka kawo maka sai ka ce a buɗe.” An yi dariya, ban da ni. Da Baba ya fita Usta ya taɓa wayar ƙararrawa, ta tsala ihu. Lafiyarta lau. Kaina ya ƙara kullewa.

Talata, 9
Matata Nagat na ta mitar ƙarar rediyon Baba ta hana ta sakat a gida. Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni.

Laraba, 10
Mun fita gwaji bakin mashigar teku. Na kai wa Baba shayi ɗakin tuƙi. Ƙararrawa na ta tsala ihu a saitin kansa, siririn kuka mai huda kunne. Ya karɓi kofi, ya nuna ta da haɓa.
“Ka gani, Shaban? Shiru kake ji.”
Na sauka na kashe inji, na ce masa bel ɗin inji ne ya saki. Tsoro na ji, kuma ba na injin ba.

Alhamis, 11
Jirage sun fita, mu muna ɗaure. Ni na ce Usta ya buɗe, ban tambayi kowa ba. Rariya ce, dauɗa ta toshe ta. Na ɗaura jan ƙwan lantarki kusa da sitiyari, na haɗa shi da wayar ƙararrawa. Wai don ado.
Baba ya daɗe yana kallon ƙwan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Yana fuskantar ruwa ya ce, “Tun yaushe take kuka?”
Na ba shi amsa, bai ji ba, bai juyo ba. Sai da na dafa kafaɗarsa.