Jar Gonata ta Dutsen Abba

Tudun Wada, Zariya

Zuwa ga Hajiya Tayyiba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya Kaduna, yaya mai jego da jaririyar? Allah ya raya. Ni lafiya lau, ban da gwiwar nan. Ki yi haƙuri da rubutuna na yaƙi da jahilci, maganar ba ta waya ba ce.

Ɗanki Kailani yana nan kan bakansa: wai na tsufa, in ba maƙwabcinmu Nagoda hayar gonata ta Dutsen Abba. Nagodan da akuyarsa ta cinye mini rogo bai ce sannu ba!

To, ga sabuwa. Jikarki Ummuhani, mai karatun taswira a jami'a, ta buɗe mini kwamfutarta in ga hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauko daga sama. Hajiya, gonata ja wur! Na san abin da jan fenti ke nufi, shi aka shafa wa shagona kafin katafila ta bi ta kansa. Ban tsaya jin bayaninta ba, na ɗauki sandata. Gobe a gona zan yini, mai rusau ya same ni a can.

Mijinki,
Malam Ahmadu

Zuwa ga Hajiya,

Bayan gaisuwa, da fatan kumburin ƙafarki ya sauka. Na yini biyu a gindin ɗorawa, katafila ba ta zo ba. Ummuhani ce ta zo a keke napep, da kwamfuta da kwanon ɗanwake, tana dariya har da riƙe ciki. Na ci ɗanwaken, amma ban saki fuska ba.

Ga yadda ta ce. Wai tauraron ba hoto ɗaya yake ɗauka ba, da yawa ne, kowanne da irin haskensa, kuma duk fari da baƙi suke zuwa. Ita ke zaɓar uku ta rina su kamar a marina, ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, sai ta ɗora su kan juna su zama hoto guda. Akwai wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ganye mai lafiya ke mayarwa sama. Shi ta sa wa ja. Ashe inda jan ya fi kauri, nan shuka ta fi ƙoshi.

Don in yarda, ta sauya jerin, gonar ta koma kore a gaban idona. Na ce ta mayar mini da jan tukuna, ta nuna mini ta Nagoda. Hajiya, fari-fari, kamar zanen da ya sha wanki! Ga takin zamaninsa da yake mana fankama da shi. Nawa kuwa kashin awakinki ne da tokar murhu.

Wata kusurwa tawa ma ta koɗe, wajen da ciyawar ƙuduji ta kama. Na ce ta sa yatsa a kai ta rufe wajen.

Mijinki,
Malam Ahmadu

Zuwa ga Hajiya,

Gaisuwa da fatan alheri, ki shafa mini kan jaririyar. An buga mini hoton a Kwangila, babba, na rataye a zaure daidai inda Kailani ke zama. Ya zo ran Juma'a ya daɗe yana kallo, Ummuhani na nuna masa iyakokin. Bai ƙara ambaton haya ba. Abin da ya ce kawai, zai ɗaukar mini 'yan ƙwadago biyu saboda gwiwa. Na amince da ɗaya, kuma ni zan zaɓa.

Nagoda ma ya leƙo. Na ba shi tabarma mai fuskantar bangon, na sa aka kawo masa kunu. Da zai tafi ya tambaya ko kina sayar da takin awaki. Na ce sai kin dawo.

Ki dawo da wuri, tuwon gidan nan ba ya daɗi. Yarinyar na yafe mata dariyar. Tauraron ne ban yafe wa ba, yana leƙa gonar mutum ko sallama babu.

Mijinki mai jar gona,
Malam Ahmadu